Yadda Za Ka Fara Kallon Wata, Duniyoyi da Manyan Taurari Daga Katsina

Birnin Katsina yana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, Daura ma kusan nan take. Amfanin wannan ga mai kallon sama shi ne, daga tsakar gida ɗaya za ka iya ganin tauraron arewa, ka juya baya ka ga taurarin kudu waɗanda mutumin Ingila ba zai taɓa gani ba sai ya baro ƙasarsu. Ga wani gatan kuma: yawancinmu mun san yau nawa ga watan Musulunci, kuma wanda ya san wannan ya riga ya san inda wata yake da lokacin fitowarsa. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara, nakan ce ya ajiye maganar sayen na'ura tukuna, ya bi wata tsawon wata guda daga wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Shi zai nuna masa sauran.

Zaɓen dare

Abu biyu za ka duba, kwanan wata da yanayin gari. In watan kansa kake son kallo, daga 3 zuwa 10 ga wata ne lokacinsa. In taurari kake so, ka jira har 19 ko 20 ga wata, lokacin da ba ya fitowa sai dare ya yi nisa, ka ci gaba har zuwa 3 ga wata mai kamawa. Daren sha huɗu yana da daɗin hira, amma farin wata yana shafe ƙananan taurari gaba ɗaya.

Ta fuskar yanayi, babu kamar kaka, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa lokacin da hazo zai sauko. Damina ta wanke ƙura, gajimare ya tafi. Da hunturu akwai dararen da hazo ke rufe komai sai wata da taurari biyu ko uku, akwai kuma waɗanda iska ta kwanta sama ta yi tas. Tun da la'asar za ka gane: idan rana ta dushe ta zama fara tun ba ta kai ƙasa ba, ka haƙura da daren. Da damina kuwa, daren da ruwa ya sauka da yamma ya ɗauke, hadari ya watse, yakan fi kowane dare tsabta, sai dai sauro.

Wurin tsayawa

Ba sai ka fita daji ba, kuma a halin da ake ciki ban ba kowa shawarar fita bayan gari da dare don kallon taurari ba. Tsakar gida, saman bene, filin makarantar unguwa ko filin ƙwallo sun isa. Abin nema shi ne inda fitila ba ta haska maka ido kai tsaye, kuma ka iya hango yamma ko kudu har ƙasa-ƙasa. Fitilun sola na kan titi su ne babbar matsala yanzu, sai ka sa katanga ko bishiya tsakaninka da su. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa baki ɗaya kuwa, kada ka bari ya wuce ka.

In saman bene za ka hau, musamman da madubin hangen nesa a hannu, ka sanar da maƙwabta tun da rana, don gidajenmu a buɗe suke ta sama kuma da iyali a ciki. In fili za ka, ka gaya wa mai unguwa ko 'yan sintiri. "Ranka ya daɗe, ni da yara za mu ɗan zauna a filin firamare bayan isha'i muna kallon wata" ta wadatar, ta kuma fi dogon bayani a gaban mai gora da tsakar dare.

Ka ɗauki tabarma, don kallon sama a tsaye yana sa ciwon wuya. Ka sa takalmi rufaffe, ka haska wurin kafin ka shimfiɗa saboda kunama, musamman da bazara. Da hunturu ka haɗa da bargo.

Ka bar ido ya saba da duhu

Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya fara ganin ƙananan taurari, kuma duba waya sau ɗaya yana rushe wannan. Ka sa ta a aljihu. In dole sai ka haska, ka ɗaure jar leda a bakin tocila da roba, jan haske bai cika ɓata ganin dare ba. Akwai wata dabara kuma: abu mai dishi-dishi, idan ka kalli gefensa kaɗan maimakon tsakiyarsa, ya fi fitowa, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin ƙaramin haske.

Gano kusurwa da awo da hannu

Miƙa hannunka gaba sosai ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen nan a sama kusan digiri 10 ne, ɗan ƙaramin yatsa kuma digiri 1. Daga inda sama ta haɗu da ƙasa zuwa tsakar ka dunƙule tara ne. Gwada rufe wata da ɗan ƙaramin yatsa, za ka ga ya ɓace har da saura, don faɗinsa rabin digiri ne kawai, ko da a daren da ya fito jajir kana ganin ya cika gabas.

Mun saba ce wa alƙibla gabas, amma daga Katsina alƙibla tana karkata wajen arewa da kimanin digiri 20. Wato in ka fuskance ta, ainihin gabas tana dunƙule biyu a damarka, arewa kuma dunƙule bakwai a hagunka. Juya can, ka ɗaga dunƙule ɗaya da ɗan ƙari daga ƙasa. Tauraron da ka tarar shi kaɗai, mai matsakaicin haske, shi ne tauraron arewa. Tsayinsa daidai yake da digirin garin da kake, shi ya sa yake digiri 13 a nan, kuma ba ya gusawa daga wurin dare da rana, rani da damina. Yana ƙasa sosai a wajenmu, don haka bene ko hazo suna iya ɓoye shi.

Bin wata

A nan ne aikin yake. Tsayar da lokaci ɗaya, misali da an idar da sallar magariba, da wuri ɗaya. A 2 ko 3 ga wata za ka same shi siriri a yamma. Duba da kyau, za ka ga sauran jikinsa mai duhu yana ɗan haske toka-toka. Hasken rana ne da ya bugi duniyarmu ya koma kansa. Lura da bishiya ko ginin da yake kai. Gobe a daidai wannan lokaci zai matsa wajen gabas da kimanin digiri 13, dunƙule ɗaya da 'yan yatsu, ya kuma ƙara kauri. Wajen 7 ga wata rabi ne, yana sama sosai da magariba, ya faɗi wajen tsakar dare. A 14 ko 15 yana fitowa daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Daga nan kullum sai ya makara da kusan minti 50, har ya koma fitowa da asuba, ya ɓace, ya sake tsayawa. Zagayen yana ɗaukar kwana 29 da rabi, abin da ya sa watanninmu ke zuwa 29 ko 30.

In ka samu madubin hangen nesa, kada ka jira daren sha huɗu, lokacin rana na dukan fuskarsa kai tsaye, babu inuwa, komai ya baje. Ka duba tsakanin 5 da 10 ga wata, ka kafa ido a kan iyakar haske da duhu. A wurin rana ke fitowa a kan wata, inuwa doguwa ce. Za ka ga ramuka zagayayyu, bakinsu na haske cikinsu baƙi ƙirin, da wasu ɗigo-ɗigon haske a cikin ɓangaren duhu, waɗanda ƙololuwar duwatsu ne da rana ta fara taɓawa kafin ta iso gindinsu. Dawo bayan awa biyu, ɗigon ya girma ya haɗe da sauran. Wajen 9 ko 10 ga wata ramin Copernicus ke fitowa, faɗinsa ya haura kilomita 90, ya zarce tafiyar Katsina zuwa Daura. Baƙaƙen tabban da ido ke gani kuwa filaye ne na narkakken dutse da ya daskare, a ɗaya daga cikinsu ne 'yan sama jannatin Amurka suka sauka a 1969. Duk wannan kana hango shi daga nisan kilomita 384,400.

Wanda ya bi wata haka zai iya taimakawa a neman jinjirin wata. Ranar 29, ka riƙe daidai inda rana ta faɗi, ka fara dubawa bayan minti 15 zuwa 40, a saman wurin, galibi cikin dunƙule ɗaya ko ɗaya da rabi. Ɓangaren da ke haske dole ya fuskanci inda rana ta faɗi, ƙahonin su kalli sama ko gefe. In ka ga haske a sama ƙahoni na kallon ƙasa, ba wata ba ne, guntun gajimare ne ko hayaƙin jirgi. Watan da bai kai awa 15 da haihuwa ba, da ƙyar ido ke iya ganinsa. In ka tabbatar, ka nuna wa na kusa da kai, ku kai wa mai unguwa ko hakimi. Sanarwa ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce, ba ta dandalin WhatsApp ba.

Duniyoyi biyar da ido ke gani

Duniyoyi, wato 'yan'uwan duniyarmu da ke zagaye rana, ba sa yawo ko'ina a sama. Hanyar da rana ta bi da rana, wata ya bi da dare, ita suke bi, daga gabas ta wajen saman kai zuwa yamma. Saboda haka kowane wata sai wata ya ratsa ta kusa da kowace ɗaya daga cikinsu. In ka ga wani haske mai ƙarfi kusa da shi, gwada wannan: tauraro yana ƙyaftawa, duniya haskenta a tsaye yake. Tauraro ɗigo ne saboda tsananin nisa, motsin iska kaɗan sai ya girgiza haskensa, ita kuwa duniya tana da ɗan faɗi. Yara sun fi manya saurin kama wannan. Ɗan ƙanwata, da na ce ya nemo mini wanda ba ya ƙyaftawa, bai daɗe ba ya ɗaga hannu: "Kawu, ga shi can saman darbejiya, shi ko motsi ba ya yi." Duniyar Mushtari ce, wadda Turawa ke kira Jupiter. Gwajin yana rauni idan abin ya yi ƙasa sosai, a nan kowa na ɗan rawa.

Zara, wadda ake wa kirari da matar wata, ita ce Zuhura (Venus), kuma bayan rana da wata babu abin da ya kai ta haske. Ba ta nisa da rana fiye da digiri 47, don haka ko dai a yamma bayan magariba, ko a gabas kafin fitowar rana, ba za ka taɓa ganinta a tsakar ka da tsakar dare ba. Gamzakin da ke fitowa da asuba ita ce dai. Takan yi wata takwas zuwa tara tana fitowa da yamma, ta ɓace 'yan kwanaki, ta koma asuba ta yi kamar haka, sannan ta ɓuya a bayan rana kusan wata biyu. Zagayen duka kwana 584 ne. Farin gajimaren da ya lulluɓe ta ne ke ba ta wannan haske, a ƙarƙashinsa zafi ya kai digiri 460 a ma'aunin Salshiyas.

Mushtari ne na biyu a haske, fari tas, kuma shi yana iya kwana a sama. Shi ne abin da ya fi biyan mai madubi. Jingina gwiwar hannu a kan katanga, riƙe numfashi, za ka ga ƙananan ɗigo biyu, uku ko huɗu a jere a gefensa. Watanninsa ne, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Zana yadda suke a takarda, gobe ka sake dubawa, sun sauya wuri.

Mirrihu (Mars) ja ne, kuma haskensa ba ya tsayawa a mataki ɗaya. Duk bayan wata 26 muke kusantarsa, sai ya yi haske sosai na 'yan watanni, sauran lokacin ya koma abin da ba za ka kula da shi ba. Ya kusanto a Janairun 2025, na gaba Fabrairun 2027, watan da Mushtari ma ke kan ganiyarsa. In ka lura da matsayinsa tsakanin taurarin da ke kewaye da shi mako-mako, za ka ga yana tafiya gabas, sai ya tsaya, ya yi baya na wajen wata biyu da rabi, sannan ya ci gaba. Ba baya yake yi ba, mu ne muke wuce shi a hanyarmu ta ciki da ta fi sauri.

Zuhal (Saturn) ruwan ɗorawa ne mai sanyin haske, yana ɗaukar shekara 29 da rabi kafin ya zagaye rana, don haka inda ka bar shi bana kusan nan za ka same shi baɗi. Zobensa ba ya fitowa a ƙaramin madubi, sai na'urar da ke ƙara girma sau 30 ko fiye. Uɗaridu (Mercury) kuwa na masu naci ne, ba ya wuce digiri 28 daga rana, sai 'yan kwanaki a ƙasa-ƙasa da magariba ko asuba.

Manyan taurari, lokaci bayan lokaci

Taurari suna riga jiya fitowa da minti 4 kowane dare, awa biyu ke nan a wata. Shi ya sa kowane lokaci na shekara yake da nasa. Malamanmu na lissafin taurari sun daɗe da wannan, su ne ke ƙirga manzilolin wata, wato masaukansa a cikin taurari, guda 28, kowace kwana 13, suna gaya wa manomi an shiga Zira'a ko Nasara ko Jabha. Katsina ma ta fitar da Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da ilimin taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da muke yi a nan sanin lokaci ne da hanya da kallon halitta, babu ruwansa da duba.

Fara da hunturu, don shi ya fi manyan taurari. Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, tana fitowa gabas da magariba a Nuwamba, a Janairu kuma tana saman kai wajen ƙarfe 8 zuwa 9. Yawancin mutane shida suke ƙirgawa, madubi yana nuna gommai. A bayanta, cikin Disamba bayan isha'i, za ka ga taurari uku a jere, tazararsu ɗaya, suna tasowa daga ainihin gabas. Su ne mabuɗinka. A gefe ɗaya nasu akwai wani ja, a ɗaya gefen wani fari mai shuɗi-shuɗi, bambancin launin na zafi ne, ja ya fi sanyi. Ja layi ta kan ukun nan zuwa wajen Kaza, za ka bi ta kusa da Dabaran, mai launin lemo. Ja shi ta ɗaya ɓangaren, za ka faɗa kan Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, wanda aka ambata a Suratun Najmi, aya ta 49. Haskensa shekara 8 da rabi da ɗoriya yake yi a hanya kafin ya iso. Idan yana ƙasa yakan riƙa walƙiya ja, kore, shuɗi, har wasu su ɗauka jirgi ne. A Fabrairu wajen ƙarfe 9, sauko daga Shi'ira zuwa kudu dunƙule uku da rabi, ga Suhailu nan, na biyu a haske, shi kaɗai a wurin.

Da bazara, lokacin da zafi ya koro kowa tsakar gida, duba arewa. Akwai taurari bakwai masu siffar ludayi, huɗu kai, uku mariƙi, Larabawa na kiran su Banatu Na'ash. Biyun da ke bakin ludayin, in ka ja layi ta kansu ka ninka tazararsu sau biyar, za su kai ka ga tauraron arewa. Bi lanƙwasar mariƙin kuma, za ka iske Simaku mai launin lemo. A Mayu wajen ƙarfe 9 da rabi, juya kudu sosai, tsakanin dunƙule ɗaya da rabi zuwa biyu daga ƙasa, akwai huɗu da suka yi siffar gicciye, da wasu biyu masu haske a hagunsu. Na can ƙarshen hagu shi ne mafi kusa da mu a duk taurarin da ido ke gani da dare, tafiyar haske ta shekara 4 da 'yan watanni. A wannan lokacin Kaza ta riga ta faɗa cikin hasken rana, ba za ta dawo ba sai da asubahin Yuni, damina na shirin kankama.

Damina ta kunama ce, wato jerin taurarin da suka yi siffar kunama. Daga Yuni zuwa Agusta tana kudu da dare, da ƙarinta a lanƙwashe, da jan tauraro a ƙirjinta, Ƙalbul Aƙrab, wanda ake yawan rikitawa da Mirrihu. Shi yana ƙyaftawa. Kusa da ƙarin ne farin zanen nan da ya ratsa sama ya fi kauri, tarin taurari ne da ido ba ya iya rarrabewa. Da kaka ludayin yana ƙarƙashin ƙasa da farkon dare, sai ka nemi biyar masu siffar harafin M a arewa, suna saman tauraron arewa.

Madubi, waya, da abubuwan da ke tafiya

Idan ka kammala wata guda kana bi, kuma abin bai gundure ka ba, nemi madubin hangen nesa mai ido biyu da aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa. Lambar farko ƙarin girma ce, ta biyu faɗin gilashi a milimita. Ka guji ƙananan na'urori masu ƙafa uku da ake tallatawa da alƙawarin ƙara girma sau ɗari-ɗari, rawar da suke yi ba ta barin a ga komai. Ƙurar hunturu kuma ka hure ta kafin ka goge gilashi, in ba haka ba za ta karce shi. A waya, manhajar Stellarium tana nuna inda kowace duniya take a daren da kake. Duba ta a ɗaki kafin ka fito, ka riƙe abu biyu ko uku da za ka nema.

Za ka ga wasu haske suna ratsa sama a hankali babu ƙara, galibi cikin awa biyu bayan magariba ko kafin asuba. Taurarin ɗan'adam ne. Wanda ya fi su haske tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, tana kimanin kilomita 400 a sama, tana zagaye duniya cikin minti 90. Masu tafiya a jere da yawa na kamfanin Starlink ne. Mai ƙyafta ja da kore jirgi ne. Wanda ya yi fit ya ɓace cikin daƙiƙa kuwa ɗan tsakuwa ne da ya ƙone a iska, kuma daren 13 zuwa 14 ga Disamba sun fi yawa, in hazo ya yi sauƙi.

Zazzaɓin wata ba ya faruwa sai a tsakiyar wata, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana, kuma kallonsa da ido ko madubi ba ya cutarwa. Husufin rana daban ne. Waɗanda suka yi wayo a ranar Laraba 29 ga Maris 2006 sun tuna yadda gari ya yi duhu a Katsina da hantsi. Ranar 2 ga Agusta 2027 akwai wani, cikakke a Makka da Jidda da kudancin Masar, a nan kuwa wani ɓangare na rana ne zai rufe. Kada ka kalle shi da ido, ko baƙin tabarau, balle madubi. Huda ƙaramin rami a kwali, ka juya wa rana baya, ka bar haskenta ya bi ta ramin ya sauka a kan farar takarda, a nan za ka ga yadda aka gutsure ta.